Yadda gwajin tayirod ya tashi daga numfashi ya koma ɗigon jini

Da a ce a shekarar 1935 kake zaune a Landan ko Boston, likita ya ga kana ramewa duk da kana cin abinci, zuciyarka na bugawa da sauri, hannunka na karkarwa, ya yi zargin tayirod ɗinka ce ta yi yawan aiki, to numfashinka zai sa a auna, ba wanda zai taɓa jininka. Za a ce ka kwana ba ka ci komai ba, awa 12 ko fiye, ka zo da sassafe. A kwantar da kai a ɗaki shiru na kusan rabin awa, a matse maka hanci da wani ɗan maƙali, a sa maka bututun roba a baki, ka yi ta shaƙar iskar oksijin daga wata ganga na 'yan mintuna. Yawan iskar da jikinka ya cinye kana kwance, shi ne sakamakon gwajin.

Ita tayirod, wata 'yar halitta ce a gaban wuya, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, mai siffar malam-buɗe-littafi. Nauyinta a jikin baligi bai cika wuce giram 20 ba. Ita ce idan ta kumbura muke cewa mutum ya yi maƙoƙo. Aikinta shi ne fitar da sinadarin homon da ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci. Idan ta yi yawan aiki, komai na jiki sai ya riƙa gudu: zufa, rama, rashin barci, faɗuwar gaba. Idan ta yi sanyi, sai kasala, jin sanyi ko a lokacin zafi, ƙiba, bushewar fata, taurin ciki, mantuwa. Wani likitan Jamus, Adolf Magnus-Levy, shi ya nuna a 1895 cewa masu yawan aikin tayirod sun fi sauran mutane cin oksijin, kuma daga bincikensa ne gwajin numfashin ya samo asali.

Dabarar tana da ma'ana, amma ka duba yawan abin da zai iya ɓata ta. Wanda tsoron na'urar ya kama shi, cin iskarsa zai ƙaru. Haka mai zazzaɓi, haka wanda ya saci kurɓar shayi kafin ya fito daga gida, haka wanda bututun bai zauna daidai a bakinsa ba. Likitoci sun san da wannan, shi ya sa sukan haɗa da wasu alamomi. Akwai lokacin da ake bugun jijiyar agara da 'yar guduma a auna saurin da ƙafa ke komawa wurinta, domin a jikin mai sanyin tayirod takan koma a hankali. Duk kewaye-kewaye ne. Abin da ake nema yana cikin jini, sai dai ba wanda ke da ma'aunin da zai iya ganinsa.

Abin mamakin shi ne maganin ya riga gwajin zuwa da shekaru masu yawa. A 1891 George Murray, wani matashin likita a Newcastle ta Ingila, ya tatso ruwan tayirod ɗin tunkiya ya yi wa wata mata 'yar shekara 46 allurarsa. Matar da jiki ya kumbure mata, maganarta ta yi nauyi, gashinta ya zube, sai ga ta ta farfaɗo. Ta ƙara shekara 28 a duniya, kuma Murray ya ƙiyasta cewa kafin rasuwarta a 1919 ta sha abin da aka tatsa daga tumaki kimanin 870. Duk tsawon wannan lokaci, da ido da tambaya yake daidaita mata yawan maganin.

Matakin farko zuwa ga gwajin jini ya zo ne lokacin da Eugen Baumann ya gano a Freiburg, wajen 1895, cewa tayirod cike take da aidin. Sai Edward Kendall na asibitin Mayo a Amurka ya ware homon ɗin kansa a ranar Kirsimeti ta 1914. Don ka san ƙanƙantar abin, sai da aka sarrafa kusan tan uku na tayirod ɗin dabbobi kafin ya tara giram 33. A Landan, Charles Harington ya gano tsarin sinadarin a 1926, ya kuma haɗa shi a ɗakin gwaji da George Barger a 1927. Shi ne tayiroksin, wanda ake kira T4 saboda yana ɗauke da aidin huɗu. Ɗan'uwansa T3, mai aidin uku kuma wanda ya fi shi ƙarfi, sai a 1952 Jack Gross da Rosalind Pitt-Rivers suka gano shi.

To, tunda homon ɗin aidin ne a jikinsa, sai masana suka ce bari mu auna aidin ɗin da ke manne da furotin na jini, mu ɗauke shi a matsayin ma'aunin homon. Wannan gwaji, da aka fi sani da PBI, shi ya mamaye asibitoci a shekarun 1950 da 1960. Lafiyayyen mutum yakan nuna maikrogiram 4 zuwa 8 a cikin mililita 100 na ruwan jini. A nan ne aka fara koyon cewa yadda aka ɗebi jinin yana iya rusa komai. Idan ma'aikacin jinya ya goge maka fata da ruwan aidin kafin ya soka allura, kamar yadda aka saba a lokacin, ɗan abin da allurar ta kwasa ya isa ya mayar da lafiyayye majinyaci a takarda. Maganin tari mai aidin ma haka. Ruwan da ake ɗura wa mutum kafin a ɗauki wasu hotunan ciki kuwa, wani yakan zauna a jiki watanni, wani shekaru, yana ɓata sakamako. Wasu ɗakunan gwaji sai da suka keɓe ɗaki guda inda aka hana shiga da duk wani abu mai aidin.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan zurfi. Fiye da kashi 99 cikin 100 na T4 da ke jini a ɗaure yake da furotin, ba ya aiki. Ɗan abin da ke sake, wajen kashi 0.03 cikin 100, shi ne ke shiga ƙwayoyin jiki. Mace mai ciki ko mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, furotin ɗin da ke ɗaure homon yakan ƙaru a jininta, sai PBI ya hau sama alhali lafiyarta ƙalau. Shi kuwa sakakken, ƙanƙantarsa ta wuce tunani. Da za ka cika tankar mai lita 33,000 da ruwan jinin mutum, sakakken T4 da ke ciki bai kai rabin miligiram ba, wato 'yan ƙwayoyin gishiri ke nan a cikin tanka guda.

Waɗanda suka buɗe ƙofar auna irin wannan ƙanƙanta ba ma tayirod suke bincike ba. Rosalyn Yalow, masaniyar kimiyyar fizik, da likita Solomon Berson suna aiki ne a kan insulin a asibitin tsofaffin sojoji da ke Bronx a New York. Tsakanin 1959 da 1960 suka fitar da dabarar amfani da antibodi, wato furotin na garkuwar jiki wanda ke cafke abu guda takamaimai ya bar sauran. Ga yadda take aiki. Ka ɗauka akwai bas mai kujeru ƙayyadaddu, su ne antibodin. Ka kawo fasinjoji masu jar hula da ka san adadinsu, su ne homon ɗin da aka yi wa alama da aidin mai fitar da haske na nukiliya. Sai ka sako fasinjoji marasa hula da ba ka san yawansu ba, wato homon ɗin da ke jinin majinyaci. Kowa ya yi rububin kujera. Idan marasa hula suna da yawa, masu jar hula kaɗan ne za su samu wurin zama. Ka ƙirga jajayen hulunan da ke zaune, ka san yawan marasa hular. A daidai lokacin, Roger Ekins a Landan ya fito da dabara mai kama da wannan don auna tayiroksin. Yalow ta samu kyautar Nobel a 1977. Berson ya rasu a 1972, kuma ba a ba mamaci kyautar. Su biyun sun ƙi yin rajistar mallakar dabarar, abin da ya sa ta bazu a duniya da sauri.

Da wannan dabara aka fara auna TSH a 1965, kuma shi ne gwajin da yau likita zai fara rubuta maka. TSH ba daga tayirod yake fitowa ba. Wata halitta ce mai girman ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari, ke aiko shi don ya zaburar da tayirod. Idan T4 ya ragu ko da kaɗan ne, fituwitari takan ɗaga murya ninkin-ba-ninkin. Saboda haka TSH mai yawa yana nuna tayirod ta yi sanyi, TSH da ya faɗi ƙasa kuma yana nuna ta yi yawan aiki. Mutane da yawa sukan karanta takardarsu a juye saboda wannan. Gwaje-gwajen farko suna iya ganin TSH idan ya hau, amma ba sa iya bambance wanda ya yi ƙasa da na lafiyayye. Sai bayan da Georges Köhler da César Milstein suka gano a Cambridge, a 1975, yadda ake ƙera antibodi iri ɗaya tak da yawa, aka samu gwajin da antibodi biyu ke kama TSH ta gefe biyu. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa na 1990, mafi ƙanƙantar abin da ake iya gani ya sauko daga wajen 1 zuwa wajen 0.01 a ma'aunin da ake rubuta maka, inda lafiyayye kan faɗo tsakanin 0.4 da 4.

Shi ma ɗibar jinin yana da nasa tarihin. Kafin ƙarshen shekarun 1940, sirinjin gilashi ake dafawa a sake amfani da shi, a zuƙo jini, a cire allurar, a tsiyaya shi cikin buɗaɗɗiyar kwalba. Joseph Kleiner ya ƙirƙiro kwalbar da aka zuƙe iskar cikinta a 1947, kamfanin Becton Dickinson kuma ya fara sayar da ita da sunan Vacutainer a 1949. Ita ce 'yar kwalbar da kake gani tana jan jini da kanta idan an danna ta a bayan allura, kuma takan tsaya idan ta ɗauki daidai adadin da aka tsara mata. Launin murfinta yana da ma'ana. Na tayirod galibi ja ne ko ruwan ɗorawa, wanda ke barin jini ya daskare. Bayan kamar rabin awa sai a sa ta a na'urar da ke juya ta da gudu, jajayen ƙwayoyi su kwanta ƙasa, ruwa mai launin bambaro ya taso sama. Wannan ruwan ne ake aunawa. Mai murfi shunayya da ake ƙirga ƙwayoyin jini da ita, akwai sinadarin hana daskarewa a ciki, aikinta daban.

A wajena, babi mafi daɗi a tarihin nan shi ne na jarirai. Jaririn da aka haifa ba tayirod mai aiki, a makonnin farko ba ka ganin komai a jikinsa. Kafin alamu su bayyana, ƙwaƙwalwa ta riga ta samu tawayar da ba ta gyaruwa. Idan kuwa aka fara ba shi ƙwayar tayiroksin a cikin mako biyu na farko, sai ya tashi kamar kowa. A farkon shekarun 1960 Robert Guthrie ya fito da hanyar soka dunduniyar jariri a ɗiga jinin a kan wata takarda mai tsotsewa, a bar shi ya bushe, a aika ta gidan waya, don gano wata cutar gado dabam. Jean Dussault a Quebec ta Kanada ya gane cewa ana iya auna T4 daga wannan busasshen ɗigon, kuma a 1974 aka fara yi wa jariran lardin. A cikin jarirai 47,000 na farko an gano bakwai. Yanzu an san cutar tana samun kusan jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000. A nan ma lokacin ɗiba yana da muhimmanci: TSH na kowane jariri yakan yi tsalle a awannin farko bayan haihuwa, shi ya sa ake jira a ƙalla kwana ɗaya ko biyu, a Birtaniya ma sai rana ta biyar. Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993, kuma hakan ya rage maƙoƙo ƙwarai, amma gwajin dunduniya bai zama abin da ake yi wa kowane jariri a yawancin asibitocinmu ba.

Takardar Guthrie ta tabbatar da cewa ɗigo kaɗan ya isa, kuma jini yana iya tafiya ba tare da mai shi ba. A kan wannan ne kasuwar gwaji mai zaman kanta ta ginu a ƙarnin nan. A Birtaniya, asibitocin gwamnati sukan fara da TSH kaɗai, sai idan ya kauce ne na'ura ta ƙara sakakken T4. Majinyacin da ke son ganin T3 ɗinsa, ko antibodin da ke nuna garkuwar jikinsa na yaƙar tayirod kamar a cutar Hashimoto, yakan biya kamfani ya aiko masa da kwali: 'yan allurai masu maɓalli, ƙaramar kwalba mai cin kusan rabin mililita, da ambulan mayarwa. A Amurka, jihar Arizona ta yi doka a 2015 da ta ba kowa damar sayen gwaji ba da takardar likita ba. Kamfanin da ya fi matsa wa dokar, Theranos na Elizabeth Holmes, ya yi iƙirarin yin ɗaruruwan gwaje-gwaje daga ɗigon yatsa. A watan Oktoban shekarar jaridar Wall Street Journal ta tona cewa na'urar tasu ba ta yin abin da ake faɗa, har ana sirka jinin da ruwa don ya ishi na'urorin wasu kamfanoni. A 2022 kotu ta samu Holmes da laifin damfarar masu zuba jari, ta yanke mata ɗaurin fiye da shekara 11.

Kar wannan ya sa ka ɗauka gwajin yatsa duk yaudara ne. TSH da aka ɗiba daga yatsa yadda ya kamata yakan yi kusa ƙwarai da na jijiya. Matsalar tana cikin kalmar “yadda ya kamata”, domin yanzu kai ne ma'aikacin. Idan hannunka na da sanyi jini ba zai zubo ba, sai ka fara matse yatsa kamar mai tatsar akuya. Matsewar takan fasa jajayen ƙwayoyi, ta kuma sirka jinin da ruwan tsoka, sai lab ya mayar maka da saƙon cewa samfurin bai yi ba, ko kuma ya auna shi a haka. Shi ya sa ake cewa ka sha ruwa, ka jiƙa hannu a ruwan ɗumi, ka tsaya tsaye hannun na rataye, ka bar sifirit ɗin ya bushe, ka soka gefen yatsa, ka goge ɗigon farko da auduga. Ana kuma hana aikawa a ƙarshen mako don kada kwalbar ta kwana biyu a akwatin gidan waya.

Masana ɗakin gwaji sun daɗe da sanin inda kuskure ke ɓuya. A 1997 Mario Plebani da Paolo Carraro sun bi diddigin kurakuran wani lab na asibitin Padua a Italiya, suka tarar kusan kashi 68 cikin 100 sun faru ne tun kafin jinin ya isa na'ura. A gwajin tayirod, ga irin abubuwan. TSH yakan kai ƙololuwa da tsakar dare ya sauko da rana, don haka wanda aka ɗiba ƙarfe takwas na safe da na ƙarfe uku na yamma ba lallai su zo ɗaya ba. Idan kana bibiyar kanka, ka riƙa zuwa a lokaci guda. Mai shan levothyroxine da ya haɗiyi ƙwayarsa awa biyu kafin allura zai ga sakakken T4 ya ɗan hau. Idan an canza maka yawan magani, sai ka jira kamar mako shida, domin T4 yakan ɗauki kusan mako guda kafin rabinsa ya bar jiki, fituwitari kuma ba ta gaggawa. Zazzaɓi mai tsanani ko jinya a gadon asibiti sukan karkatar da lambobin na ɗan lokaci. A watanni ukun farko na ciki TSH yakan sauka da kansa.

Sai kuma wanda ya zama kamar aidin ɗin zamaninmu, wato bayotin, sinadarin da ake rubuta biotin a kwalaben ƙwayoyin gyaran gashi da farce. Jiki na buƙatar maikrogiram 30 ne a rana, amma ƙwaya guda takan ƙunshi 5,000 ko 10,000. Na'urori da yawa da bayotin suke manne antibodinsu, don haka idan ya cika jini sai ya tare wurin. Sakamakon da ke fitowa shi ne TSH ƙasa, T4 sama, sak irin na mai yawan aikin tayirod. An samu waɗanda aka fara ba magani a kan wannan ƙaryar. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kai a Nuwamban 2017, kuma shawarar da ake bayarwa ita ce a daina shan sa a ƙalla kwana biyu kafin gwaji. Ba kowane mai ɗibar jini ne zai tambaye ka ba, kai ne za ka faɗa.

A wajenmu kam, gwaji mai zaman kansa ba sabon yayi ba ne. Yawancin mutane daga aljihunsu suke biya, a lab-lab ɗin da ke jere a bakin manyan asibitoci. Ƙananan cikinsu da yawa ɗiba kawai suke yi, su aika wani gari. Homon ɗin tayirod suna da juriya: idan an raba ruwan jinin da ƙwayoyinsa aka sa a firji, sukan yi kwanaki ba su canza ba. Jinin da ba a raba ba kuma aka bar shi a jakar ɗan acaɓa cikin zafin watan Afrilu, wannan wani labari ne. Ba laifi ba ne ka tambaya ko a nan za a auna, ko za a raba jinin kafin a tura, da kuma yadda ake sanyaya shi a hanya. Ka kuma duba cewa an rubuta sunanka a jikin kwalbar a gabanka.

Idan takarda ta fito da lamba ɗaya ta ɗan haura layi, ka tuna yadda aka ja layin. An auna lafiyayyun mutane ne aka ɗauki kashi 95 na tsakiya, wato mutum ɗaya cikin 20 masu ƙoshin lafiya zai faɗo waje. Da ka sayi kwalin da ke auna abubuwa goma, damar ganin jan rubutu ta ƙaru ke nan ko da ba abin da ke damunka. Wani babban bincike mai suna TRUST da aka wallafa a 2017 ya nemi 'yan shekara 65 zuwa sama da TSH ɗinsu ya ɗan hau amma T4 ɗinsu na daidai. Da aka sake gwada waɗanda aka gayyato, kusan uku cikin biyar sun koma daidai ba tare da magani ba. Mutum 737 da suka shiga binciken kuma, waɗanda aka ba tayiroksin ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar wofi samun sauƙin kasala ba bayan shekara guda. Saboda irin wannan ne ƙa'idar likitocin Birtaniya ta ce a maimaita gwajin bayan wata uku kafin a yanke hukuncin ɗora mutum a kan ƙwayar da mai yiwuwa zai sha har ƙarshen rayuwarsa. TSH da ya haura 10 sau biyu, ko wanda ya faɗi har na'ura ta kasa ganinsa, ko kuma mace mai ciki ko mai neman ciki, waɗannan a kai wa likita takardar ba tare da jinkiri ba.